Nuhu Bai Ce Salla Ke Lalata Kwamfuta Ba

Nuhu ya rasu.

Nuhu mai gyaran kwamfuta, wanda shagonsa ke bakin ƙofar abbatuwa, mayankar nan ta Agege. Da safen nan ina tsaye wurin mai ƙosai sai ga 'yata Hafsa ta biyo ni da wayata a hannu, ta ce matarsa ce ke kira. Tun ban karɓi wayar ba na gane. Fuskar yarinyar ta riga ta gaya min.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ciwon ƙoda ne. Ya daɗe yana fama da shi, bakinsa ne kawai bai taɓa kwanciya ba.

Za a sallace shi yau bayan La'asar a masallacin cikin abbatuwa. Ku riƙe wannan, don shi ne dalilin dogon rubutun nan. Na san kun saba in kun ga sunana ku tsaya ku yi dariya ku wuce. Yau ba don haka na zo ba. In dariyar ta kuɓuce min, hali ne, ba niyya ba.

Tun ba a yi masa wanka ba na ga abu biyu a wayata.

Na farko, hotonsa a shafin mutanen da suka yi watanni ba sa amsa sallamarsa. An rubuta "mutumin kirki", har da ɗan hoton hawayen nan.

Na biyu, wata murya da ke yawo a gurup ɗin 'yan kasuwa. Wani bawan Allah, cikin ladabi da gyaran murya, yana tambaya wai ko ya dace Musulmi ya tsaya a kan gawar mutumin da ya ce salla ke lalata kwamfuta. Wai shi tambaya kawai yake yi.

To ni ma amsa kawai zan bayar. Ina cikin ɗakin ranar da aka yi maganar. Kai mai muryar ba ka nan.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Garba, Baban Hafsa, sakataren ƙungiyar mahauta ta wajenmu. Kada sunan muƙamin ya ruɗe ku. A aji biyu na sakandare muka rabu da makaranta, kuma ba ni kaɗai na ji daɗin rabuwar ba. An ba ni sakatare ne don ina sa tabarau, kuma ina iya sa hannu a takarda ban zaro harshe ba. Hafsa ta ce in kawo ta gyara min rubutun nan kafin in saki. Na hana ta. In ta gyara, zagin za ta cire.

Shi Nuhu haifaffen Agege ne. Kakansa soja ne daga Zariya. Shi kansa sau ɗaya ya taɓa zuwa Zariyar, ya dawo yana ƙorafin wai gari guda babu motar haya ta danfo. Amma ya riƙe Zazzaganci ƙam, ba don komai ba sai don ya samu lasisin zagina, ni Bakano. Farfesa yake kirana. Ni kuma in ce masa bawana.

Ba zan zauna nan in ce muku mai daɗin baki ne ba. Ƙaryar da ake yi masa ta isa, ba sai na ƙara tawa ba.

In ka kai masa kwamfuta ba ya cewa me ya same ta. Cewa yake, me ka yi mata?

Da Hafsa ta samu gurbin karatu na tafi kasuwar kwamfuta ta Ikeja ni kaɗai, don in nuna ni ma uba ne. Na dawo da wata laftof mai ƙyalli, ina tafiya kamar na sayo mota. Nuhu ya buɗe ta, ya kalle ta, ya kalle ni, ya tambaye ni ko mai shagon ya haɗa min da likkafani. Wuni guda ya yi yana zagina yana kwance kayan cikinta yana sa nasa. Da ya gama ya miƙa wa Hafsa, ya ce ta yi karatu sosai, don abin da ke damun ubanta ana gadonsa.

Ita ce laftof ɗin da take aiki da ita har yau.

Da aka haifi autanmu cikin zafin nan mai hana barci, bai zo suna ba. Washegari sai ga shi da fanka mai caji a leda, ya ajiye a ƙofa, ya ce ta jaririn ce, kada Farfesa ya kwana a gabanta.

Haka yake. Ya yi maka alheri, ya haɗa maka da baƙar magana, don kada ka samu damar godiya.

Yanzu ga maganar kwamfutar.

Ƙungiyarmu na da kwamfuta irin ta kan tebur, da ita muke buga katin shaida da wasiƙu. Ofishin ɗaki ɗaya ne, bango ɗaya ya raba shi da masallaci. A bayansa akwai ɗan ƙaramin janareton nan mai hayaƙi, don wutar layinmu baƙuwa ce, in ta zo ma gaisuwa take yi ta wuce.

Kwatsam kwamfutar nan ta canja hali. Kana kunna ta fankar cikinta za ta hau gurnani kamar okada ya ɗauko buhu uku yana hawan gada. Ka buga harafi, ka je ka sha shayi, ka dawo, sannan ya fito. Ga mahauta sun yi layi a ƙofa suna jiran kati, kowa da wuƙarsa a ƙugu, suna kallona. Ban taɓa son Kano irin lokacin ba.

Abin da na iya ɗaya ne, in kashe in kunna. Kullum na kunna sai ta fi da.

Shugaban ƙungiya, wanda ba zan kama sunansa ba, kowa ya san shi, ya kawo surukinsa mai sayar da caja a Idumota. Wannan ya ce bairos ne, ya zuba mata maganin bairos har kala biyu, don wai ɗaya ba ya isa. Ta ƙara rikicewa. Wani daga Ikeja ya ce a goge komai a fara daga farko, da hotunan katin mutane duka. Nan na kwanta a kan tebur na ce sai dai a goge da ni.

Sai aka kira Nuhu.

Ya shigo bai gaida kowa ba, ya tambaye ni me na yi mata. Ya danna maɓalli uku tare, sai ga wani allo ya fito da sunayen duk ayyukan da ke gudana a cikinta, kowanne da lambarsa a gefe. Ya nuna min na can sama. Ɗari bisa ɗari. Ya ce wannan shi kaɗai ya cinye ƙwaƙwalwar kwamfutar, furosesa kenan, saura duk layi suke bi.

Da ya ga na gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba, sai ya ce in ɗauka mahauci ne mai tebur ɗaya, wani ya zo ya jibge masa sa guda, masu son rabin kilo kuma suna tsaye.

Ya danna ya kori aikin. Fanka ta yi shiru. Na miƙe na fara yi masa kirari. Ya ce in zauna, Bakano da saurin murna. Ya kashe ta ya kunna.

Ga shi nan ya dawo. Ɗari bisa ɗari.

Daga nan ya bi ta daki-daki. Ya cire ɗaya daga cikin magungunan surukin Shugaba, ya ce karnuka biyu aka ɗaure a gida ɗaya, kowanne ya ɗauka ɗan'uwansa ne ɓarawon. Ya hana tarkacen da ke tashi tare da ita tashi. Ya kwance ta ya hure ƙurar ciki, har da gashin saniya ya fito. Ya bincika bai ga bairos ba. Ya kunna ta ta wata hanya da ba abin da ke tashi sai na dole, ta yi lif abinta, ya ce to ƙarfen lafiya yake.

Can ya gano ko aikin waye. Na sabunta manhaja ne, afdet. Kwamfutar ta ɗauko sabbin kaya tana son ta jera su, ba ta gama ba. Ya ce a ƙyale ta a kunne, kada kowa ya taɓa, za ta gama ta yi shiru.

Washegari tana nan tana gurnani. Jibi ma haka.

Ya ce wani na taɓa ta. Na rantse ba mai taɓawa. Ya ce rantsuwar ɗan kasuwar Kano ba ta shiga kunnensa. Ya rufe shagonsa, ya ɗauko kujera, ya ce yau a nan zai wuni sai ya ga ɓarawon da idonsa.

Aka kira Azahar. Ladan na gamawa, kamar kullum, wani ya zagaya baya ya kashe janareto don a ji liman. Haka muke yi tun da aka gina ofishin, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa wani abu. Allon kwamfuta ya yi baƙi ƙirin.

Nuhu ya kalli allon. Ya kalli bango. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

E, ya yi dariya. Ban zo in ɓoye ba. Kansa yake wa dariya, ya kwashe kwanaki yana neman ɓarawo a ciki alhali yana bayan ɗaki. Daga nan ya tashi ya yi alwala, ya tsaya a sahu kafaɗarsa na gogar tawa. Wannan ɓangaren ne masu ba da labari ke mantawa.

Aka idar, aka tada janareto, kwamfuta ta koma farkon aikinta. Kafin ta kai ko'ina La'asar ta yi, aka sake yanke ta. Ashe duk watannin nan baiwar Allah ba ta taɓa samun wutar da ta wuce tsakanin salla da salla ba.

Bayan La'asar ɗin Shugaba ya shigo da 'yan kwamiti. Ga abin da Nuhu ya faɗa, kuma in na ƙara ko na rage Allah na gani:

"Alhaji, lafiyarta ƙalau. Aiki take son gamawa, ku kuma duk lokacin salla kuna yanke mata wuta sai ta koma farko. Ko ku haɗa mata batir, ko a kai ta inda wuta ba ta yankewa ta gama."

Da ya tsaya nan da shi ke nan. Amma Nuhu ne. Yana tattara sukudirebobinsa ya ƙara da cewa:

"Ni dai na yaba mata. Ta fi wasu a ɗakin nan kiyaye lokacin salla, ita ba ta taɓa makara ba."

Aka kwashe da dariya. Matsalar ita ce duk wanda ya yi dariyar sai da ya saci kallon Shugaba, don duk abbatuwa an san raka'ar ƙarshe ce rabonsa, waya a kunne yana cinikin shanu har a yi ruku'u.

Shi bai yi dariya ba.

Abin da ya faru kenan. Babu wanda ya ji ba daidai ba. Ɗakin ƙarami ne, kunnuwanmu lafiya suke.

Kafin sati ya zagayo magana ta sa sabuwar riga. Wai Nuhu ya ce salla ke lalata kwamfuta. Da ta isa wajen masu fata, wai cewa ya yi a dakata da salla sai kwamfuta ta gama. Da ta isa cikin unguwa, wai ana kiran salla yana tuntsira dariya.

Shugaba bai taɓa faɗar ko ɗaya da bakinsa ba, ya fi ƙarfin haka. In an tambaye shi sai ya girgiza kai ya ce Allah dai ya shirya. Da wannan girgiza kan ya yi aikin da wuƙar mahauci ba za ta yi ba. Ya kuma kafa doka Nuhu kada ya ƙara taka ofis.

Masu kai gyara suka ɗauke ƙafa. A masallaci in ya tsaya sai ka ga an bar ɗan fili a gefensa, kamar mai ƙazuwa. 'Yarsa Sadiya ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai yara sun tambaye ta ko a gidansu ana salla.

Mutumin da in yana tsakiyar gyara aka kira salla sai ya bar kwamfutarka a buɗe hanjinta a waje, ka yi ta masifa bai dame shi ba.

Na faɗi gaskiya a majalisa. Na faɗa a wajen mai shayi. Na faɗa a taron kwamiti. Amma wannan ita ce illar zama mai barkwanci, ranar da ka zo da gaskiya sai a zuba maka ido ana jiran inda dariyar take. Sai ka ji an ce, Garba kenan.

Nuhu kuwa ko sau ɗaya bai kare kansa ba. Na ce ya je wajen Liman ya yi bayani. Ya ce Wanda yake wa sallar ya san yana yi.

Ita kuma kwamfuta tana nan tana gurnaninta. Sabuwar dokar Shugaba ita ce da ta yi zafi a zare ta daga soket, kada ta kama da wuta. Wato ciwon yanke wuta aka ba wa maganin yanke wuta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Nuhu kwanan baya ce.

Ya kira ni da hantsi. Lokacin ya fara zuwa wankin ƙoda, muryar ta yi ƙasa, amma iskancin na nan.

"Farfesa, ɗauko min ita."

Na ce ai an hana shi.

"Ni aka hana shiga. Ita ba a hana ta fita ba."

Makulli dai a hannuna yake. Na kinkimo ta na sa a baro, na lulluɓe da buhu, na turo ta tsakiyar abbatuwa da rana tsaka, ina tsallake ruwan jini ina amsa gaisuwa. Wani ya ce Sakatare me aka samu? Na ce kan sa ne. Ya ce a ci lafiya.

Ɗakin sanyin wata Alhaja Bayarabiya ya ce in nufa, inda ake ajiye nama. Babban janaretonta ba ya mutuwa dare da rana, don in ya mutu nama ya tafi, kuma yana can nesa ba ya damun masallaci. Na tarar da Nuhu ya riga ni, zaune a kan benci, ƙafafunsa sun kumbura takalmi ya ƙi shiga. Suka yi ta Yarabanci da Alhaja ban tsinci komai ba sai sunana, kuma duk inda sunana ya fito sai ta yi dariya. Ta ba mu soket a baranda. Ta ga yana rawar sanyi ta cire mayafinta ta yafa masa.

Haka bawana ya zauna, da mayafin mata mai fure a kafaɗa, kwamfutar maƙiyansa a gabansa.

Ya fara tsayar da aikin sabuntawar. Sannan ya shiga inda kwamfutar ta tara kayan da ta ɗauko, ya ce yawan yankewa ya sa duk sun lalace, kamar naman da aka yi ta fitarwa ana mayarwa, ya share su kaf. Ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ya sake ta ta ɗauko sababbi.

Fanka ta ɗauka. Ɗari bisa ɗari. Har tebur na rawa.

Wallahi ban san lokacin da hannuna ya nufi soket ba, sabo ne. Ya kaɗe min hannu da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Bar ta. Ba duk mai kuka ne ke mutuwa ba, wani aiki yake yi."

Muka bar ta. Muka je Azahar, ina riƙe da shi, a hankali. Aka bar masa filinsa a sahu kamar kullum, na matsa na cike. Muka dawo tana yi. Ta kashe kanta ta kunna, ta sake, ni dai na zauna a kan hannuwana.

A zaman nan na tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa a kan mutanen da suka ɓata shi. Ya ce ba don su ba ne. Shi dai ba ya son ya tafi ya bar wata kwamfuta a Agege tana kuka ana cewa Nuhu ya taɓa ta ya kasa.

Can, bai kalle ni ba, allon yake kallo, ya ce:

"Farfesa, in ta Allah ta kasance, kana ganin za su zo kuwa?"

Na ce ni dai zan zo, ko don in tabbatar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Alhaja ta fito tana yi min faɗa da Yarabanci.

Amsar da na ba shi kenan. Ita na iya.

Bayan La'asar muna dawowa na ji wani abu ya canja, na rasa mene ne. Ashe shiru ne. Nuhu ya kashe ta ya kunna, ya danna maɓallan nan uku. Lambar ta ɗan hau, ta sauko, ta kwanta can ƙasa. Ya sake kashewa ya kunna. Haka. Na buga sunana, ya fito tun ban ɗaga yatsa ba.

Ya shafa kan kwamfutar kamar mai sallamar doki.

Sai ya ba ni makullin shagonsa, ya ce in ɗauko wani baƙin akwati mai nauyi a ƙarƙashin tebur. Batirin kwamfutarsa ne, wanda ke riƙe ta in wuta ta yanke. Ya ce in haɗa wa ta ƙungiya, shi ba ya jin zai ƙara buƙatarsa.

"Kada ka ce nawa ne. In sun sani za su ce shi ma ba ya salla."

Na sa shi a keke napep, ya leƙo ya ce in gaida Hafsa, in ce mata har yanzu ba a samo maganin ciwon ubanta ba.

Ban ƙara ganinsa a tsaye ba.

Washegari Shugaba ya shigo ya tarar kwamfuta na gudu kamar ba ita ba. Ya ce ai dama ya san maganin surukinsa a hankali yake aiki. Na ce Alhaji, Nuhu ne ya gyara, a ɗakin sanyi, a gabana, kuma abin da ya faɗa tun farko shi ne. Ya dubi mutane ya ce, Garba kenan. Aka yi dariya.

Da aka kashe janareto don Azahar, sai baƙin akwatin nan ya fara ƙara. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Haka yake yi in yana riƙe da ita. Allo bai mutu ba. Shugaba ya tambaya mene ne wannan, na ce batir ne wani ya bayar sadaka. Ya ce kai, madalla, Allah ya saka wa mai shi da Aljanna.

Na ce amin da ƙarfin da sai da aka juyo daga wajen alwala.

Alhaji, na san kana karanta duk abin da na rubuta, ba ka dai taɓa danna komai ba. To yau na saɓa alkawari. Akwatin Nuhu ne. Shi ka yi wa addu'ar Aljanna da bakinka, kuma addu'a ba a janye ta. Abin da ya rage maka shi ne ka buɗe bakin nan ka faɗi abin da ka ji a ɗakin, tun ba a sa shi a rami ba. Girgiza kai ba za ta yi yau ba.

'Yan kwamiti da kuka yi dariya ranar sannan kuka koma kurame, na san ku ɗaya bayan ɗaya, ni na buga muku kati.

Kai kuma mai murya, mai tambaya kawai, na gane ka tun daga gyaran muryar. Wayar da ka ɗauki maganar da ita ma Nuhu ne ya canja mata gilas. Ka goge, ka yi sabuwa, ka tura duk inda ka tura ta farko.

Masu hoton hawaye, a cire hoton a kawo ƙafa.

Na je wajen Liman ɗazu. Ya ce shi zai sallace shi ko da ni da shi ne kawai, kuma da an zo masa da maganar tun farko da ba ta kai haka ba. Allah ya saka masa. Amma ni ba mu biyu nake so ba. Ba na son gobe a ce wa Sadiya sahu ɗaya aka yi wa ubanta, shi ma da giɓi.

Duk mai shakka, ofis a buɗe yake daga Azahar. Ku zo ku ga kwamfutar, ku kashe ku kunna da hannunku, zan danna muku maɓallan uku. Abin da na koya kenan a duniya, kuma Bazazzagi ne ya koya min, abin kunya.

In La'asar ta yi za a kashe janareto kamar kullum. Wuri zai yi tsit. Duk wanda ya tsaya a sahu zai ji ta cikin bango, ƙit, ƙit, ƙit. Akwatinsa ne yake riƙe muku kwamfuta don ku yi sallarku hankali kwance.

A kan gawarsa za mu yi salla yau.

Ya Allah, ga Nuhu nan ya zo maka. Ka san goshinsa, ka san sahun da yake tsayawa, ba ka buƙatar shaidar Garba. Ka gafarta masa kaifin bakinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi da hasken da ba ya yankewa. Ka rufa wa matarsa da Sadiya da ƙannenta asiri. Mu da muka rage, ka tsare mu daga harshenmu, har da nawa.

Wanda ke nesa, don Allah kada ka wuce rubutun nan ba ka yi masa addu'a ba, ko ta numfashi ɗaya ce. Ka kira sunansa, Nuhu.

Wanda ke Agege kuwa, addu'arka da ƙafarka nake roƙo.

Ya tambaye ni ko za ku zo, na ba shi amsar wasa. Ku zo ku ba shi ta gaske.